Yadda Ake Haɗa Lemon Gida Mai Ƙarancin Sukari, Daga Zobo Har Chapman

A gidanmu da ke Ƙofar Marusa a birnin Katsina, in magariba ta kawo jiki a watan azumi, tabarma ɗaya ake shimfiɗawa a tsakar gida, a jera ƙosai da kunu da dabino, sai babban jug na zobo yana ta raɓa saboda sanyi. Shekarar da likita ya tabbatar wa Baba yana da ciwon sukari, sai aka koma ajiye masa kofin ruwa zalla a gefe. Bai taɓa cewa uffan ba. Amma wata rana na ga yana bin jug ɗin da ido daga hannu zuwa hannu, sannan ya ɗauki ruwansa ya sha, ya yi hamdala. Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya ciyar da gidan nan shekara da shekaru bai kamata ya zauna kamar baƙo a bakin tabarmarsa ba.

Washegari na dafa masa zobo ban sa sukari ba. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Inna ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska ta ce, "Wanga ai magani ne, ba zobo ba." Gaskiyarta. In kika zare sukari daga abin sha, kin bar rami, kuma sai kin cike shi da wani abu: tsami daidai gwargwado, ƙamshi, ɗan yaji, ɗigon gishiri, sanyi, da gas. Wannan cikon shi ne duk aikin da zan bayyana a nan.

Turawa suna kiran abin sha da aka harhaɗa daga kaya daban-daban koktel, kuma nasu da giya ake yi. Wanda ba giya a ciki suna ce masa moktel, shi ne ake rabawa a wuraren biki cikin dogayen kofuna da yankan kokwamba a baki. Namu na biyun ne, sai dai za mu rage masa kabohaidiret, wato sukari da sitaci, duk abin da jiki ke mayarwa sukari a cikin jini.

Inda sukarin yake ɓuya

Kafin ki ɗora tukunya, ki riƙe lissafi ɗaya a ka: ƙaramin cokalin shayi na sukari gram 4 ne. Da shi za ki auna komai.

Lemon kwalba irin su Coca-Cola yana da kimanin gram 10 zuwa 11 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan kwalba mai santilita 35 tana ɗauke da wajen cokali 9. To kada ki ce na gida ya fi sauƙi. Gwangwanin madara ɗaya na sukari ya kai kusan gram 145. In kika juye shi a zobo lita ɗaya da rabi, kamar yadda da yawa daga cikinmu muke yi, kowane kofi ya tashi da cokali 6. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini, wato kusan gram 50 ga babba, ta kuma ce in an rage zuwa gram 25 ya fi. Kofi ɗaya na zobon nan ya cinye gram 25 ɗin kusan duka, ba a ma zo kan shayin safe ba.

Inda mutane suka fi rudewa shi ne wajen abin da ake cewa "ai na Allah ne, ba na kamfani ba". Zuma tana da albarkarta, ba mai musu, amma babban cokali ɗaya nata gram 17 ne na sukari. Dabino kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinsa kabohaidiret ne, shi ya sa kunun aya da aka niƙa da dabino da yawa ba abin shan mai ciwon sukari ba ne, ko da ba a sa masa farin sukari ba. Mazarƙwaila ruwan rake ce da aka dafa ta daskare. Ruwan lemun zaƙi da aka matse yana da wajen gram 10 na kabohaidiret a mililita 100, kafaɗa da kafaɗa da lemon kwalba. Abarba gram 13 na kabohaidiret a gram 100, mangwaro 15. Har tsamiya, duk tsaminta, kabohaidiret ɗin naman jikinta ya haura gram 60 a gram 100. Hukumar da na ambata ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin sukarin da ta ce a rage.

Waɗanda za ki saki hannu da su kuwa: zobo, lemun tsami, kokwamba, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, citta, kanumfari, kirfa, masoro, ganyen shayi. Kokwamba ba ta kai gram 4 a gram 100 ba. Babban cokali na ruwan lemun tsami gram ɗaya ne da 'yan kai. Ni dai iyakar da na sa wa kaina ita ce kada kofi ya wuce gram 6, wato cokali ɗaya da rabi.

Kayan aiki

Ba kya buƙatar komai na kanti mai tsada. Tukunyar silba wadda ba ta tsatsa, rariya mai laushi ko ƙyallen tata, turmin daka kayan miya ko bilenda, kwalabe masu murfi, ƙaramin cokali da babba. Babban cokali mililita 15 ne, ƙarami 5. Ledar fiya wata santilita 50 ce, ita ce mudun ruwana. Kofin da nake nufi a duk bayanin nan mai cin rabin leda ne.

Banda abin zaƙi da za mu zo kansa, abu ɗaya da za ki saya a kanti shi ne ruwan soda, wanda ba komai a cikinsa sai ruwa da gas. Ki duba kwalbar da kyau, don tonik yana kama da shi sak a ido, amma tonik cike yake da sukari, ɗacinsa ne ke ɓoye zaƙin.

Mataki na farko: zobo mai kauri

Wannan shi ne tushe, kuma nan ya kamata ki ɓata lokaci. Allah ya hore mana zobo a ƙasar nan. Daga Katsina da Jigawa da Kano ake lodinsa har Meziko, inda su ma suke jiƙa shi su sha da ƙanƙara. In kin shiga Babbar Kasuwa, ki nemi mai duhu, ja da ya doshi baƙi, busasshe ƙarau, wanda ba ya warin rima. Mai hasken ja ya fi tsami, kuma tsami mai yawa shi ke sa hannu ya nufi gwangwanin sukari.

Ki auna gwangwanin madara 3 na zobo. Ki tsince shi, ki zuba a ruwan sanyi ki ɗauraye da sauri sau biyu, kina tsamo shi da hannu daga sama don yashi ya zauna a ƙasa. Kada ki bar shi ya jiƙa a ruwan wanki, launinsa zai bi ruwan ya tafi.

Ki ɗora ruwa leda 2, wato lita ɗaya. Ki jefa kanumfari ƙwara 6, kirfa sanda ɗaya kamar tsawon yatsa, da busasshiyar citta guda biyu da kika ɗan ƙwanƙwasa. Ki bar su su tafasa minti 10 su kaɗai. Sannan ki kashe wuta, ki zuba zobon, ki rufe, ki bar shi minti 20 zuwa 30. Dalilin wannan jeri shi ne kayan ƙamshi suna son wuta, zobo kuwa ba ya so. In aka tafasa shi ya daɗe yana ɓararraka, sai ya fito da wani ɗaci mai kama harshe. Da can sukari ke rufe wannan ɗacin ba mu sani ba. Yanzu da ba sukari, duk kuskuren da aka yi a tukunya sai ya bayyana a kofi.

Akwai hanyar da ta fi wannan taushi in kina da firij ko kula mai ƙanƙara: ki dafa kayan ƙamshin, ki bar ruwan ya huce, ki zuba wankakken zobon, ki ajiye a sanyi ya kwana. Da safe ki tace. Zobon da aka jiƙa a sanyi tsaminsa mai laushi ne, ƙamshinsa kamar na ɗanyen itace. Shi Baba ya fi so.

Ki tace sau biyu, na biyun da ƙyalle, kada ki matse ganyen da ƙarfi. Abin da kika samu mai kauri ne, ba a shan sa haka, sirkawa ake yi.

Maganar ɓawon abarba: ki wanke shi tas ki dafa tare da kayan ƙamshin in kina so, yana ba da ƙamshi ba tare da sukari mai yawa ba. Naman abarbar ne ba za ki niƙa ki zuba ba. Sai maganar kanwa. Wasu suna jefa ɗan guntu don ta kashe tsami, kuma tana kashewa, amma tana dusashe jan launin ya koma wani duhu-duhu, sannan tana da sinadarin sodiyam irin na gishiri, wanda mai hawan jini ake ce wa ya rage. Tun da ciwon sukari da hawan jini sukan zo tare, ni na bar ta. Sirki da ruwa ya wadatar.

Mataki na biyu: ruwan citta

Ɗanyar citta ita ce ke maye gurbin nauyin da sukari ke ba abin sha a baki. Wadda ake kawo mana daga kudancin Kaduna, wajajen Kachia da Kafanchan, tana da yaji sosai, kaɗan ta isa.

Ki kankare kamar cikin tafin hannu, ki daka ko ki niƙa da ruwa leda ɗaya, ki tace da ƙyalle cikin kwano. Sai ki bar shi ya zauna rabin awa ba motsi. Za ki ga wani farin abu ya kwanta a ƙasa kamar ƙullun koko. Sitacin citta ke nan. Ki tsiyaye ruwan sama a hankali cikin kwalba, ki bar farin. In kina son ƙarin zafi, ki daka masoro ƙwara 5 ki jefa cikin kwalbar.

Mataki na uku: zaƙi

A nan kowa da zaɓinsa, amma ga abin da ya kamata ki sani. A kemis da manyan kantuna ana sayar da abin zaƙi marar sukari, ƙwayoyi ƙanana ko gari ko na ɗigawa. Sitibiya daga ganyen wata shuka ake samun ta, asalinta Kudancin Amurka, ta fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300, amma in ta yi yawa tana barin ɗaci a maƙogwaro. Sukuralos ya fi sukari zaƙi kusan sau 600 kuma ɗanɗanonsa ya fi kusa da na sukari. Asfatem ba ya jure wuta, sai abu ya huce ake sa shi. Ki duba lambar NAFDAC, ki kuma karanta abin da aka haɗa, don na gari sau da yawa ana cika shi da maltodekstirin, wanda shi ma kabohaidiret ne. Farin garin zaƙi da ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba, kada ki kai shi gidanki. Haka garin lemo na saceti da ake zuba wa zobo don ƙamshi: da yawansu sukari ne a farkon jerin kayan haɗinsu.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da waɗannan abubuwan zaƙi don rage ƙiba, ko da yake ta ware masu ciwon sukari daga wannan shawara. Abin da na ɗauka daga nan shi ne a riƙe su a matsayin sandar dogarawa kafin harshe ya saba. A gidanmu da ƙwaya biyu muka fara a kofi, bayan mako biyu muka koma ɗaya, yanzu rabi ma yana isar Baba.

Don sauƙin awo, ki narkar da ƙwaya 10 a babban cokali 10 na ruwan ɗumi, ki zuba a ƙaramar kwalba. Kowane babban cokali ƙwaya ɗaya ke nan, kuma ba za ki riƙa farautar ƙwayar da ta ƙi narkewa a ruwan sanyi ba.

Ƙanƙara

Ƙanƙarar bulo da ake saya a bakin titi ta sanyaya kwalabe ce a cikin kula, ba ta shiga kofi, don ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Ta cikin kofi ki yi ta da ruwan da kike sha. In wuta ta samu, ki daskarar da sirkakken zobo a farantin ƙanƙara. In ya narke a zafin Afrilu, zobo yake ƙara wa kofin maimakon ya tsinka shi.

Haɗa kofi na farko

Komai ya yi sanyi tukuna, har ruwan sodan, don gas ya fi zama a ruwa mai sanyi. Ki cika rabin kofi da ƙanƙara. Ki zuba zobo mai kauri babban cokali 5, ruwan citta cokali 2, ruwan lemun tsami ƙaramin cokali 1, ruwan zaƙi babban cokali 1. Sai gishiri, ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka ki kuma kakkaɓe rabi. Ba don a ji gishiri ba ne. Yana danne ɗaci, ya fito da sauran ɗanɗanon. Ki juya sosai, ki ɗanɗana tun yanzu, don bayan an zuba soda ba a son yawan juyi. Ya kamata ki ji shi ya ɗan fi ƙarfin yadda kike so. Sai ki karkata kofin ki tsiyaya soda ta gefe har ya cika, ki juya sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama. Wannan kofin bai kai gram 2 ba.

Ran da na fara miƙa wa Baba shi, ya kurɓa, ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyar nan, mi kika sa ciki? Halan kin manta da maganar likita?" Na ce, "Baba, ba sukari ko ƙwara ɗaya." Ya ƙara kurɓa, ya miƙo kofin ya ce, "To ƙaro mani."

In ba soda, ruwan sanyi ma ya yi, sai ki ɗan ƙara citta ta riƙe wurin gas ɗin.

Na kokwamba da na'a-na'a

Wannan na tsakar rana ne lokacin bazara. Ki fere rabin kokwamba, ki ɗanɗana bakinta don wata takan yi ɗaci, ki niƙa ki tace. A gindin kofi ki sa ganyen na'a-na'a 8 da ruwan lemun tsami babban cokali ɗaya da rabi, ki danna su da bayan cokali sau huɗu ko biyar. Dannawa kawai, ba dakawa ba; ƙamshin yana saman ganyen, ɗacin yana ciki, in kika ragargaza shi ɗacin za ki fitar. Ki zuba ruwan kokwamba cokali 5, ruwan zaƙi, gishiri, ƙanƙara, soda a ƙarshe. Kimanin gram 4. Ɗoɗɗoya tana iya maye gurbin na'a-na'a, amma ganye 3 ya isa, ƙarfinta ya fi.

Chapman

Shi ne sarkin lemon biki a Najeriya, kuma yana da matsala biyu. Ta farko, yadda aka saba haɗa shi Fanta ne da Sprite da jan ruwan sukari mai suna girenadin, zaƙi kan zaƙi. Ta biyu ba kowa ya san ta ba: ɗan ɗacin nan da ke bambanta Chapman da sauran lemo, a haɗin asali daga Angostura yake, wata ƙaramar kwalba da aka naɗe da takarda, kuma kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke cikinta giya ce. Ɗigo kaɗan ake sawa, amma wanda yake kiyaye addininsa yana da haƙƙin ya sani, ya kuma tambayi mai haɗawa a wurin biki.

Ga yadda za ki samu ɗacin a gida. Ki wanke lemun zaƙi biyu, ki fere ɓawon da ɗan farin da ke ƙarƙashinsa, don a farin nan ɗacin yake. Ki sa a kofi ɗaya na ruwa da kanumfari 4, guntun kirfa, da siririn yanka biyu na namijin goro. Ki tafasa minti 5, ki rufe ya huce, ki tace. Da ƙaramin cokali ake amfani da shi.

A babban kofi ki sa ƙanƙara da yankan kokwamba 4. Zobo mai kauri babban cokali 3, shi ne zai ba da jan launin da girenadin ke bayarwa. Ruwan lemun zaƙi da kika matse yanzu cokali 3, kada ki ƙara, nan sukarin kofin yake. Lemun tsami cokali 1. Ruwan ɗaci ƙaramin cokali 1. Ruwan zaƙi cokali 1 ko ɗaya da rabi, don Chapman yana son zaƙi fiye da zobo. Ki juya, ki cika da soda. Kafin ki miƙa, ki yanko ɓawon lemo ki murɗa shi a saman kofin, man da ke fita ya sauka a kai. Hanci ne ke fara sha kafin baki, kuma ƙamshin lemo yana sa harshe ya ji kamar akwai zaƙin da babu. Duka-duka gram 6. Na yi wannan a sunan ƙanwata, jug uku, ban gaya wa kowa ba shi da sukari ba, kuma ba a bar ko ɗigo ba.

Tsamiya, kankana da kindirmo

Waɗannan ukun suna da nasu sukarin, don haka awo ne maganinsu. Tsamiya dunƙule ɗaya kamar ƙwan kaza, da ƙwallayenta, ki jiƙa a ruwan ɗumi leda 2 na awa ɗaya, ki murje ki tace. Ki ƙara ruwan citta cokali 6, ɗan barkono kaɗan in gidanku ana so, ruwan zaƙi da gishiri. Kofi huɗu ke nan, kowanne gram 5 zuwa 6. Ba ta buƙatar soda.

Kankana tana da kusan gram 8 na kabohaidiret a gram 100, ke nan cikakken kofin ruwanta zalla ya doshi gram 20. Ki ɗauki yanka uku kamar girman akwatin ashana, ki farfasa a kofi da cokali, ki matsa lemun tsami, ki sa na'a-na'a, ki cika da soda. Launi da ƙamshin kankana suna nan, sukarin bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Kindirmo rabin kofi yana da kimanin gram 6 na sukarin madara. Ki kaɗa shi da maburgi da rabin kofin ruwan sanyi, gishiri, da dakakkiyar na'a-na'a, ba zaƙi ko kaɗan. A Turkiyya haka suke shan nono, da gishiri, suna kiran sa ayran. Ki tabbatar da madarar da aka dafa aka yi shi, kuma ba a sirka shi da gari ko sukari ba. Wanda kika kwantar da kanki ya fi kwanciyar rai. Da sahur ya fi dacewa.

In kofi ya ƙi daɗi

Kada hannunki ya fara zuwa kan zaƙi. In ya yi tsami, ƙara ruwa ko soda. In ya yi lami, lemun tsami yake nema ko gishiri. In ya yi ruwa-ruwa ba nauyi, citta. In ɗaci ya biyo baya a maƙogwaro, ko abin zaƙin ya yi yawa ko zobon ya daɗe a wuta. Ki raba kofin biyu ki sirka.

Zobo mai kauri yana kwana huɗu zuwa biyar a firij mai samun wuta, ruwan citta kwana uku. In wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki yi na kwana biyu kawai ki ajiye a kula. Kokwamba, lemo da na'a-na'a kuwa sai lokacin sha. Duk kwalbar da kika buɗe ta yi tsit kamar lemon kwalba alhali ba ki sa soda ba, ko ta canza wari, ta fara lalacewa, ki zubar.

Abin da ya shafi lafiya

Zobo yana iya sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini kada ya mayar da shi ruwan sha. Kofi ɗaya ko biyu a yini, kuma ya gaya wa likitansa. Mai juna biyu ta bar zobo mai kauri sai ta tambayi ma'aikatan awo. Mai gyambon ciki kada ya buɗe baki da tsami da citta da gas, ya fara da ruwa, ya ci wani abu tukuna. Tsami kuma yana cin haƙori a hankali, a kuskure baki da ruwa bayan an sha.

Wanda ya fi duka muhimmanci shi ne wannan. Mai allurar insulin ko mai shan wasu ƙwayoyin ciwon sukari, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa, musamman da azumi: rawar jiki, zufa mai sanyi, jiri, ruɗewa. In na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70, ko 3.9 a ɗaya ma'aunin, duk lemon da na lissafa a nan ba zai cece shi ba, don ba sukari a ciki. A lokacin sukari na gaske ake ba shi nan take, kamar ƙaramin cokali 4 a ruwa, ko rabin kwalbar lemo ta gama-gari, ko da rana ce a karya azumin, a sake gwadawa bayan minti 15. Ki gaya wa duk mutanen gidan wannan, har yara masu wayo, ki kuma yi wa jug ɗin marar sukari alama don kada a ɗauko shi a irin wannan hali.

Dabinon buɗe baki ba mu hana Baba ba. Ƙwara ɗaya ƙarama wajen gram 5 zuwa 6 ce, da ita yake farawa kamar yadda sunna ta koyar, sai ruwa, sai a yi salla. In an dawo tabarma, jug biyu ake ajiyewa yanzu, nasa mai jan zare a hannu. Ƙa'idar da Inna ta kafa ita ce ba mai taɓa na jan zare sai Baba ya cika kofinsa sau biyu, don tun tsakiyar azumin nan Yaya da matarsa suka koma shan nasa, kuma gwangwani 3 na zobo ya daina isa, sai 5 nake aunawa.